Tambaya da Amsa: 'Yan Latino a Amurka, su ne masu laifin ko su ake farauta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barka da kokari Allah ya saka da alheri. Dan Allah ina da tambaya. Kanina yana Houston shekara hudu kenan yana tukin mota, duk sanda muka yi waya sai ya ce min 'yan Meksiko da sauran masu jin Sifaniyanci su suka bata kasar, sune masu kwaya da fashi shiyasa ake kamensu, kuma wai su suka ja wa sauran baki bakin jini. Toh ni kuma na ji a rediyo ana cewa akwai kungiyoyin turawa masu kiyayya da ke kai musu hari har da kisa. Mun yi musu sosai a majalisa akan maganar nan har an kusa bata. Wanne ne gaskiya? Kuma in har kungiyoyin nan an sansu me ya hana gwamnati ta rufe su? Na gode.

AMSA

Wa alaikumussalam dan uwa, amin na gode. Tambayar nan taka ta taba ni sosai dan abu ne da na dade ina nazari akai, kuma na zauna cikin mutanen nan na ci abincinsu na ga yadda suke rayuwa, dan haka ka yi hakuri amsar zata dan yi tsawo.

Bari in fara da gyara wani abu da yawancin mu muke kuskure akai. Idan aka ce dan Latino ba wai ana nufin bakon haure bane. Kalmar tana nufin duk wanda asalinsa daga Meksiko ne ko Kyuba ko Gwatamala ko Ekwado da sauran kasashen kudu da Amurka, kuma a kidayar 2020 sun kai miliyan 62, wato kusan mutum daya cikin biyar a kasar. Wajen kashi biyu cikin uku dinsu a Amurka aka haife su, kuma hudu cikin biyar 'yan kasa ne cikakku masu fasfo. Wasu ma kakanninsu basu taba tsallaka boda ba, bodar ce ta tsallake su, dan Teksas da Kalifoniya da Arizona da Nebada duk kasar Meksiko ce a da, sai bayan yakin da aka kare a 1848 Meksiko ta rasa kusan rabin kasarta. Shiyasa zaka ji sunayen garuruwa irin su Los Angeles da San Antonio da El Paso, duk Sifaniyanci ne. Su kuma marasa takardu gaba dayansu, daga kowace kasa ta duniya har da namu 'yan Afirka da Indiyawa da 'yan China, an dade ana kiyasta su a wajen miliyan 11, cibiyar bincike ta Pew ta ce sun kai miliyan 14 a 2023. Kaga kenan wanda ya ga mai jin Sifaniyanci a titi ya ce ga bakon haure can, mafi yawan lokuta ya yi kuskure.

Toh maganar laifi. Anan ne ya kamata mutum ya tsaya ya yi adalci dan bangarorin biyu kowa yana da abinda yake boyewa.

Jihar Teksas, inda kanin naka yake zaune, ita ce tafi kowa bada damar a gane gaskiya, saboda duk wanda aka kama ana daukar zanen yatsunsa a tura wa ma'aikatar tsaron cikin gida ta tarayya ta duba matsayin takardunsa, su kuma su ajiye bayanin. Wani malami a jami'ar Wisconsin mai suna Michael Light shi da abokan aikinsa suka dauki wadannan bayanan na 2012 zuwa 2018 suka tace, sakamakon ya fito a 2020. Abinda suka samu shine in aka kwatanta da marasa takardu, haifaffun Amurka sun ninka su sama da sau 2 wajen kamu akan laifin zubar da jini, sau 2 da rabi akan kwaya, sama da sau 4 akan sata da barnar dukiya. Ka lura fa ba yawan mutane ake kirgawa ba, a'a, cikin kowane mutum dubu dari nawa aka kama, wannan shine ma'aunin. Cibiyar Cato, wadda ba ta 'yan Dimokurat bace ko kadan, ita ma ta yi ta bin alkaluman Teksas din shekara da shekaru kuma abu daya take samu. Sannan a 2023 wasu masana tattalin arziki karkashin Ran Abramitzky na jami'ar Stanford suka bi bayanan kidaya tun daga 1870, shekara 150 kenan, suka ga babu wani zamani da baki suka fi haifaffun kasa shiga kurkuku, yanzu ma tazarar ta kara fadi, bako ya yi kasa da haifaffen kasa da wajen kashi 60 cikin dari.

Akwai kuma wata hujja da ko ba ka yi boko mai zurfi ba zaka gane ta. A 1990 wadanda aka haifa a waje suna zaune a Amurka wajen miliyan 20 ne, zuwa 2010 sun kai miliyan 40, marasa takardu kuma sun tashi daga miliyan 3 da rabi zuwa sama da miliyan 12 a 2007. In da sune tushen laifi ai da kasar ta kama da wuta a wadannan shekarun. Amma a daidai lokacin ne manyan laifuka na kisa da fashi suka ragu da kusan rabi. Ban ce zuwan baki ne ya rage laifin ba, dalilan suna da yawa, amma dai bai kara shi ba.

Masu adawa da shigowar baki suna da amsarsu kuma ya kamata ka ji ta. Wata cibiya da ake kira CIS tana cewa alkaluman Teksas din basu cika ba, dan akwai wanda ba a gane bashi da takardu lokacin kamu sai ya dade a gidan yari, dan haka an kirga shi cikin 'yan kasa. Wannan korafin yana da kamshin gaskiya, kuma in aka gyara lissafin tazarar tana raguwa a wasu laifukan. Amma ni a iya abinda na karanta, gyaran bai kai ya mayar da mutanen nan wasu annoba kamar yadda ake fada a wajen kamfen ba. Suna kuma yawan kawo cewa gidajen yarin tarayya cike suke da baki, toh gidajen yarin tarayya kadan ne cikin fursunonin kasar, mafi yawa suna hannun jihohi da kananan hukumomi, kuma da yawa daga bakin da ke can laifinsu shine sun sake shigowa bayan an tasa keyarsu, ba wai sun kashe wani ba. Maganar kwaya ma haka, fentanil din da ke kashe Amurkawa dubbai tabbas daga hannun manyan dilolin Meksiko yake fitowa, wannan ba karya bane, amma mafi yawansa a cikin motoci ake kama shi a kofofin boda na hukuma, kuma sama da kashi 80 cikin dari na wadanda kotun tarayya ke daurewa akan safararsa 'yan kasar Amurka ne, dan dila ba wawa bane, ba zai dora kayan miliyoyi a bayan wanda zai ratsa sahara a kafa ba alhali ga mai fasfo da zai wuce a mota.

Dalilin ma ba boyayye bane in ka zauna dasu. Lokacin da nake karatu a can akwai wani katon shagon kayan gini kusa da inda nake, kullum in na fito sallar asuba zan wuce su tsaye a wurin fakin din shagon cikin sanyi, hannu a aljihu, kowa da 'yar jakar abincinsa, suna jiran dan kwangila ya tsaya da akori-kura ya daga yatsu uku ko hudu su ruga su haye. Mutumin da ya ci bashi ya biya masu tsallakar da mutane, yana tura wa uwarsa da 'ya'yansa kudi duk karshen mako, ya san ko fitilar motarsa ce ta mutu dan sanda ya tsayar dashi zancen zai iya karewa a jirgin komawa gida, wannan mutumin shi yafi kowa gudun rigima. Wani makwabcina dan Gwatamala mai aikin rufin gida, wasu samari suka tare shi ranar Juma'a da dare suka fasa masa baki suka kwace kudin aikinsa na sati da ya boye a cikin safa, suna dukansa suna ce masa ya koma kasarsu. Na same shi a bakin matakala yana danna kankara a lebe, na ce tashi mu je wajen 'yan sanda, wallahi kallon da ya min har yau ban manta ba, ya girgiza kai kawai ya ce gobe yana da aiki. Barayin unguwa har suna suka sa wa irinsu, wai na'urar cirar kudi mai tafiya, saboda an san a hannu ake biyansu kuma an san ba zasu kai kara ba.

Amma kar in yi maka rufa-rufa. Akwai bakin haure da suka yi kisan gilla kuma iyalan wadanda aka kashe zafinsu na gaske ne. Laken Riley daliba ce mai koyon aikin jinya 'yar shekara 22, ta fita motsa jiki da safe a garin Athens na jihar Jojiya a watan Fabrairun 2024, wani dan Benezuwela da ya shigo ba bisa ka'ida ba ya kashe ta, an yanke masa daurin rai da rai, kuma dokar farko da Trump ya sa wa hannu da ya dawo mulki a Janairun 2025 sunanta aka sa mata. Kafin ita akwai Kate Steinle da harsashi ya kashe a San Francisco a 2015, shi bakon da bindigar take hannunsa sau biyar ana tasa keyarsa yana dawowa. In uba ya ce da an tsare boda da 'yata tana raye, ba ni da bakin ce masa karya yake. Akwai kuma gungun 'yan daba irin MS-13 da suka yi ta yanka matasa a Long Island ta jihar Niyok, duk da cewa ita kungiyar a titunan Los Angeles aka haife ta a shekarun 1980 kafin a kwashe 'ya'yanta a mayar El Salbado, kuma mafi yawan wadanda take kashewa 'yan uwanta ne baki talakawa. Sannan abinda na fada akan Amurka nake fadarsa, a wasu kasashen Turai irin Suwidin alkaluman sun sha bamban, kowace kasa da irin bakinta da irin yadda ta karbe su.

Inda matsalar take shine kudin goro. A kasar da ake kashe sama da mutum dubu goma a kowace shekara, sai a dauki kisa daya da bako ya yi a yi wata ana nuna hotonsa a talabijin, sauran kuwa ko sunansu ba zaka ji ba. Mai kallo kuma ba alkaluma yake tunawa ba, fuska yake tunawa. Lokacin da aka kashe wata daliba Mollie Tibbetts a jihar Iowa a 2018, dan Meksiko ne ma'aikacin gona ya kashe ta, 'yan siyasa suka yi caa akan maganar, sai mahaifinta da kansa ya fito ya rubuta a jarida cewa kar a yi amfani da gawar 'yarsa wajen yada akidar da ita kanta take kyama, ya kuma yabi 'yan Latino na yankin da suka tsaya masa lokacin da ake nemanta. Mutumin da aka kashe wa 'ya kenan fa.

Shi kanin naka ban ce karya yake ba, abinda idonsa ya gani yake fada. Amma ka tuna masa Houston kusan rabin mutanen garin 'yan Latino ne, toh dole barawo ya fito a cikinsu, kamar yadda nas da dan sanda da makanike da alkali suke fitowa a cikinsu. Kuma direban da ke aikin dare mashaya da 'yan kwaya yake dauka, wanda ya kwanta karfe tara dan zai tashi aikin gini da asuba ba zai taba shiga motarsa ba.

Yanzu bangaren da ka ji a rediyo. Gaskiya ne, kuma abin ya fi yadda ka ji muni.

Ranar Asabar 3 ga Agustan 2019 da safe, wani saurayi bature dan shekara 21 mai suna Patrick Crusius ya taso daga garin Allen kusa da Dallas, ya yi tukin sama da kilomita 1,000, kamar ka ce daga Kano zuwa Legas, ya wuce garuruwa barkatai bai tsaya ba sai El Paso dake bakin boda, inda mutum 8 cikin 10 'yan Latino ne. Ya shiga shagon Walmart da bindiga kirar AK a lokacin da iyaye suke sayen kayan komawa makaranta. Mutum 23 suka mutu, karaminsu dan shekara 15 babbansu dan shekara 90, akwai mata da miji da suka mutu suna kare jaririnsu dan wata biyu, akwai kocin kwallon yara mata da ke tara kudi wa kungiyarsu a kofar shagon, shi sai da ya yi wata tara a asibiti kafin rai ya yi halinsa. Mintuna kadan kafin ya fara ya saka wata takarda a intanet yana cewa wai yana maida martani ne ga mamayar da 'yan Latino suke yi wa Teksas, da aka kama shi kuma ya fada wa 'yan sanda da bakinsa cewa 'yan Meksiko ya zo kashewa. Bai tambayi kowa takarda ba. Mafi yawan wadanda ya kashe 'yan kasar Amurka ne, 8 'yan Meksiko ne wadanda yawanci sayayya ce ke kawo su kamar yadda aka saba, har da wani Bajamushe. Kuma abin takaicin, El Paso tana cikin manyan biranen da suka fi zaman lafiya a kasar, kisan da ake yi a garin a shekara guda cur bai wuce 20 da 'yan kai ba, shi ya yi shi cikin 'yan mintuna. A 2023 kotun tarayya ta yanke masa daurin rai da rai har sau 90.

Kuma a takardar tasa ya yabi wanda ya kashe musulmi 51 a masallatai biyu a Christchurch ta kasar Niyuzilan a watan Maris na 2019. Wannan ya kamata mu rike. Akida daya ce, wadda wani marubuci Bafaranshe Renaud Camus ya yayata a 2011, cewa wai akwai shiri na musanya farar fata da baki. Da ita aka kashe yahudawa 11 a wurin ibadarsu a Pittsburgh a 2018 dan wai suna taimakon 'yan gudun hijira, da ita aka kashe bakaken fata 10 a wani kanti a Buffalo a 2022. Yau dan Meksiko gobe mai sallah jibi bakar fata, dan haka in gemun dan uwanka ya kama da wuta ka san abin yi.

Kafin El Paso akwai wadanda ba a cika tunawa dasu ba. A Nuwamban 2008 a garin Patchogue na jihar Niyok, wasu 'yan sakandare bakwai suka fita da dare neman dan Meksiko da zasu daka, abin ya zame musu wasa har suna suka sa masa, daya daga cikinsu ma ya ce wa 'yan sanda shi ba ya yawan yi, bai wuce sau daya a sati ba. Suka ci karo da Marcelo Lucero dan shekara 37 kusa da tashar jirgin kasa, ba ma dan Meksiko bane dan Ekwado ne, shekara 16 yana aiki a kasar, suka yi masa taron dangi daya ya soka masa wuka a kirji. An daure wanda ya soke shi shekara 25. Sai bayan mutuwarsa mutane suka rika fitowa a wani coci suna bada labarin dukan da aka dade ana musu suna shiru. A watan Yulin shekarar kuma a Shenandoah ta jihar Fensilbaniya 'yan kwallon wata makaranta suka yi wa Luis Ramirez dan shekara 25 duka har ya mutu, masu taya alkali yanke hukunci, dukkansu farare, suka wanke su daga manyan tuhume-tuhumen, sai da gwamnatin tarayya ta shigo aka daure biyu shekara tara tara, har shugaban 'yan sandan garin aka samu da laifin murda rahoto. A 2009 kuma a Arizona wata mata Shawna Forde, shugabar wata kungiyar 'yan sintirin sa kai na boda, ta jagoranci mutanenta suka shiga wani gida da sunan jami'an tsaro ne, suka harbe magidanci da 'yarsa Brisenia 'yar shekara 9, su biyun duk 'yan kasa ne.

Abin kuma ba yau ya fara ba. Masana tarihi sun tattara sunayen sama da mutum 500 'yan asalin Meksiko da gungun mutane suka rataye ko suka harbe ba shari'a tsakanin 1848 da 1928. A 1918 a kauyen Porvenir na Teksas jami'an tsaron jihar da ake kira Texas Rangers suka fito da maza da yara 15 cikin dare suka harbe. A shekarun 1930 da tattalin arziki ya karye aka kwashe dubban daruruwa aka tura Meksiko, da yawansu haifaffun Amurka ne. Duk sanda aljihu ya yi zafi bako ake fara nema, mu ma mun san wannan, an kori namu daga Gana a 1969 mu ma muka kori nasu a 1983, kuma mun ga abinda kalmar nan ta "ai su ne masu satar mutane" ta jawo wa mafarauta 16 a Uromi a 2025.

In ka duba alkaluman FBI zaka ga kamar abin kadan ne, laifukan kiyayya akan 'yan Latino 485 a 2018, 527 a 2019, daga baya suka haura 700, kuma kullum bakaken fata ne suka fi kowa yawa a jerin wadanda ake yi wa laifin. Amma kar lambar nan ta rude ka. Ba dole bane ofishin 'yan sanda ya tura rahoto, ganin dama ne, kuma sama da kashi 80 cikin dari na masu turawar sifili suke rubutawa, wai duk shekara ba a yi ko daya ba a yankinsu. Ita kanta ma'aikatar shari'a da ta bi gida gida tana tambayar mutane, sai ta kiyasta laifukan kiyayya wajen 250,000 a shekara a lokacin da FBI ke kirga dubu shida zuwa bakwai. Makwabcin nan nawa baya cikin lissafin kowa. A 2017 da kame ya yi zafi shugaban 'yan sandan Houston na lokacin Art Acevedo ya fito ya ce karar fyade daga 'yan Latino ta ragu da sama da kashi 40 cikin dari a watanni ukun farko, kuma shi kansa bai ce fyaden ne ya ragu ba, tsoron zuwa ofis ne ya karu.

Sai tambayarka ta karshe, me ya hana a rufe kungiyoyin. Amsar tana cikin kundin tsarin mulkinsu, gyaran farko ya ba kowa 'yancin magana da taro, kuma kotun koli ta fassara shi da fadi sosai. A 1969 a shari'ar wani jagoran kungiyar turawa masu kiyayya ta Ku Klux Klan na jihar Ohio mai suna Brandenburg, kotun ta ce ba za a hukunta mutum akan magana ba komai muninta sai in yana tunzura a aikata laifi nan take kuma akwai alamar za a aikata din. Dan haka mutum zai iya daga tutar Nazi ya yi maci, 'yan sanda ma su bashi kariya, abinda a Jamus zai kwana a sel. Dokar saka kungiya a jerin 'yan ta'adda kuma kungiyoyin kasashen waje ta shafa. Abinda doka ke hukuntawa shine aiki, in ka daki mutum laifi ne, in aka tabbatar saboda launinsa ko asalinsa ko addininsa ka zabe shi sai a kara maka hukunci, kotun koli ta amince da haka a 1993, Obama kuma ya sa hannu a dokar da ta fadada ikon tarayya akai a 2009. Wahalar ita ce tabbatar da niyya, shiyasa kalmomin da maharin ya furta lokacin dukan suke da matukar muhimmanci.

Jerin kungiyoyin kiyayya da kake ji ana ambata ma ba na gwamnati bane, wata kungiya ce mai zaman kanta SPLC dake Montgomery a jihar Alabama take fitarwa duk shekara, ta kirga 602 a 2000, ta kirga 1,020 a 2018. Sun yi aikin da ya kamata a yaba, dan tunda ba a iya rufe kungiya sai suka koma tsiyata ta a kotu, a 1987 suka sa aka ci wani babban reshen Klan tarar dala miliyan 7 akan rataye wani saurayi bakar fata har aka mika wa mahaifiyarsa ginin hedikwatarsu, a 2005 kuma wasu baki biyu 'yan El Salbado da 'yan sintirin boda suka tsare suka ci zarafinsu aka mallaka musu gonar daya daga cikin 'yan sintirin a Arizona. Amma jerin nasu ba wahayi bane, sun saka FAIR da CIS masu fafutukar rage shigowar baki, wadanda wani likitan ido John Tanton ya assasa ko ya taimaka aka kafa, su kuma suna cewa shafa musu kashin kaji ake yi, sannan a 2018 sai da SPLC ta biya wani musulmi dan Birtaniya Maajid Nawaz sama da dala miliyan 3 ta bashi hakuri akan saka shi a wani jeri na masu kin musulmi da ta yi. Ni a ganina wanda ya ce a tsare boda a bi doka ba shi ne makiyi ba, kusan rabin 'yan Latino da suka yi zabe a 2024 Trump suka zaba, da yawansu ma a garuruwan bakin boda suke. Inda nake jan layi shine lokacin da magana ta tashi daga doka ta koma kan jini, aka fara cewa mamaya, aka fara kiran mutane dabbobi ko masu gurbata jinin kasa, dan wanda ya yi El Paso ba katin wata kungiya ne dashi ba, a dakinsa ya zauna da kwamfuta yana shan irin wadannan kalaman har suka cika masa kai. Yawancin maharan yanzu haka suke, ko da an rufe ofisoshin kungiyoyin ba a nan suke kwana ba.

Ka gaya wa kanin naka in ji ni, ya rika lura da kansa dan mai irin wannan kiyayyar baya tantancewa, a 2017 a jihar Kansas wani ya harbe injiniya Ba'indiye a mashaya yana ihun ku fita daga kasata, a zatonsa dan Iran ne. In Allah ya kiyaye wani fasinja ko wani a hanya ya kai masa hari ko ya yi masa barazana saboda launinsa ko addininsa, ya kira 911, ya rubuta ainihin kalmomin da aka fada masa tun bai manta ba, ya ajiye bidiyo in motarsa tana da kyamara, kuma yana iya kai rahoto ga FBI kai tsaye in 'yan sandan unguwa suka yi masa rikon sakainar kashi. In kuma takardunsa basu kammala ba ya fara ganin lauyan shige da fice, akwai wata biza da ake kira U da aka kirkiro tun 2000 dan wadanda aka yi wa babban laifi suka taimaki masu bincike, guda 10,000 kawai ake bayarwa a shekara kuma layin yana da tsawo sosai, amma tana nan. Ka gaishe min da shi da mutanen majalisa.